Yadda Ake Jigila da Ajiye Sinadaran Masana'antu Masu Gudun Danshi a Lokacin Sanyi

Wanda ya fara aiki da sinadaran da ba sa jituwa da ruwa, ruwan sama da rufin da ke yoyo su ne abin da yake fara tsoro, kuma ni ma haka na fara. Sai dai a shekarun da na yi ina lodi da sauke irin waɗannan kaya, mafi yawan asarar da na gani da idona ta samo asali ne daga wurare biyu: iskar da aka rufe tare da kayan tun ranar lodi, da kuma gaggawar buɗe ganga mai sanyi a cikin ɗaki mai ɗumi. Sauyin yanayi daga ɗumi zuwa sanyi, ko daga sanyi zuwa ɗumi, shi ne lokacin da ruwa ke samun hanyar shiga, don haka a kansa zan fi tsayawa.

Kayan da za ka tanada

Kafin komai, ka mallaki takardar bayanan kariya ta kowane sinadari, wadda aka fi sani da SDS, kuma ta kasance sabuwa daga kamfanin da ya yi kayan. Kana bukatar ma'aunin zafi da danshin iska, da ma'aunin zafi na nesa wanda ake haska jikin ganga da shi, da ƙaramar na'urar da ke rubuta zafi da danshi a tsawon tafiya. Ka tanadi abin tsotse danshi, kamar silika jel ko busasshen yumɓu na musamman da ake sayarwa a ƙulle cikin ƙananan jakunkuna, da katin nuna danshi mai sauya launi, da leda mai kauri ko jaka mai rufin alminiyam, da busassun falet, wato dandamalin da ake ɗora kaya a kai, da sifanar ɗaure murfin ganga, da sababbin zobban roba na murfi. Idan kayan ruwa-ruwa ne, ka nemi tukunyar busasshiyar iskar naitirojin da ma'auninta, ko kuma bututun numfashi mai cike da silika jel wanda ake ɗaurawa a ƙaramin bakin ganga. Na kariyar jiki kuwa su ne safar hannu irin wadda takardar ta ambata, da tabarau mai rufe gefen ido, da takunkumin numfashi mai matatar da ta dace. A ƙarshe, busasshen yashi a cikin mazubi mai murfi, da abin kashe gobara wanda ya dace da sinadarin.

1. Ka san abin da ruwa ke yi wa sinadarin, da zafin da yake daskarewa

Takardar SDS tana da sashe 16. Waɗanda suka shafe ka kai tsaye su ne na 7 mai bayanin riƙo da ajiya, da na 9 inda za ka ga ma'aunin narkewa ko daskarewa, da na 10 mai bayyana abubuwan da sinadarin ba ya jituwa da su, da na 14 mai ka'idojin jigila. Ka karanta na 5 da na 6 ma tun kafin bukatarsu ta taso, domin su ne na gobara da zubewa. Idan ka ga lambar H260 ko H261, ma'anarta ruwa yana sa sinadarin ya fitar da iska mai kama wuta. EUH014 tana nufin yana yin mummunan tashi idan ya haɗu da ruwa, EUH029 kuwa iska mai guba ce ke fita.

Ba duka ne haɗarinsu ɗaya ba. Akwai waɗanda danshi ke lalata ingancinsu kawai, kamar ɓarɓashin kostik soda da ke tsotsar ruwa ya dunƙule ya zama dutse. Akwai masu fitar da iska mai kama wuta: kilo ɗaya na kalsiyam kabayid yana ba da kimanin lita 300 na asitilin, ƙarfen sodiyam kuma haidurojin yake fitarwa tare da zafin da zai kunna ta. Akwai masu fitar da guba, kamar alminiyam fosfayid da ke sakin iskar fosfin. Sannan akwai dangin aisosayanet, kamar TDI da MDI da ake yin soso da gam da fenti da su, waɗanda ruwa ke sa su fitar da kabon dayoksaid a hankali. Gram 18 na ruwa, abin da bai wuce cikin babban cokali ba sosai, yana samar da fiye da lita 22 na wannan iska, alhali sararin da ke saman ganga cikakkiya bai kai haka ba. Wannan ne dalilin da ya sa ganga ke kumbura har ta fashe. Bala'in Bhopal na ƙasar Indiya a watan Disamba na 1984, wanda ya hallaka dubban mutane, shigar ruwa cikin tankin metil aisosayanet ne ya tayar da shi.

Sai ka rubuta ma'aunin daskarewa a jikin takardar lodi, domin da yawa suna daskarewa tun ruwa bai zama ƙanƙara ba. TDI da aka fi sayarwa, mai haɗin nau'i biyu, kashi 80 da kashi 20, yana fara daskarewa a kusan digiri 14 na ma'aunin Celsius. Tsantsar asetik asid a digiri 16.6, ruwan kostik soda mai ƙarfin kashi 50 a kusan digiri 12. Kuskuren da sabon shiga ke yawan yi shi ne ɗaukar sifili a matsayin iyakar haɗari.

2. Ka duba mazubi, ka rufe shi yadda ya kamata

Ka bi kowace ganga ka duba tsatsa, da lotsewa a gefen baki, da yanayin zoben robar murfi. Roba tana taurarewa a sanyi, kuma zoben da ya riƙe lafiya a ɗumi yana iya sakin iska da zarar ya ƙandare, saboda haka duk wanda ya tsage ko ya baje ka sauya shi da irin wanda sinadarin ba ya ci. Ka ɗaure murfi da sifana gwargwadon ƙarfin da mai gangar ya ƙayyade. Wuce gona da iri yana murƙushe zoben kamar yadda sakaci ke barin kafa.

Dalilin wannan kulawa shi ne ganga tana numfashi. Idan aka rufe ta a digiri 25 ta isa inda ake digiri 5 ƙasa da sifili, matsin iskar da ke samanta yana raguwa da kusan kashi 10 cikin ɗari, sai ta riƙa zuƙo iskar waje ta duk wata ƙaramar kafa, tare da duk ruwan da ya taru a kan murfin. Idan kayan ruwa-ruwa ne, ka kori iskar da ke saman da busasshiyar naitirojin kafin rufewa. Idan gari ne ko ɓarɓashi a buhu, ka sa buhun cikin jaka mai rufin alminiyam, ka jefa jakar silika jel da katin nuna danshi tsakanin buhun da jakar, ka matse iskar, ka liƙe bakin da zafi. Inda babu irin wannan jaka, leda mai kauri ninki biyu, kowacce a ɗaure daban, a cikin ganga mai murfi tana yin aiki na ɗan gajeren zango, amma ka sani tururin ruwa yana ratsa leda sannu a hankali, ba a dogara da ita na watanni.

3. Ka shirya kwantena ko mota

Iska mai ɗumi tana riƙe ruwa fiye da mai sanyi. Kubik mita ɗaya na iska yana iya ɗaukar kimanin gram 30 na tururi a digiri 30, gram 17 a digiri 20, amma bai kai gram 5 ba a sifili. Kwantena mai ƙafa 20 tana da fili kusan kubik mita 33. Idan aka rufe ta a digiri 30 da danshi kashi 80, ta sauka inda ake sifili, fiye da rabin lita na ruwa zai fita daga iskar ya kwanta a rufinta, daga nan ya riƙa ɗiga a kan kaya. Ma'aikatan jigila suna kiran wannan ruwan saman kwantena, kuma na sha buɗe ƙofa na tarar da rufin cike da ɗigo jere-jere, kwalayen sama duk sun jiƙe sun lanƙwashe.

Ruwan iska ma kaɗan ne idan aka kwatanta da na katako. Falet na ɗanyen katako yana iya riƙe lita da dama, kuma zai yi ta sakinsu duk ranar da rana ta ɗumama kwantenar, dare ya mayar da su raɓa. Kada tambarin HT da ke jikin falet ya ruɗe ka; wannan shaida ce ta cewa an gasa katakon don kashe ƙwari bisa ka'idar ISPM 15, ba ta tabbatar da bushewarsa. Ka auna danshin katakon, ko ka yi amfani da falet na roba ko na ƙarfe. Idan babu ma'auni, ka ajiye falet ɗin a busasshen ɗaki na makonni kafin lodi, kuma duk wanda ya kwana a waje ka ware shi.

Ita kanta kwantenar, ka shiga ciki, wani amintacce ya rufe maka ƙofa yana tsaye a waje, ka duba ko haske na shigowa ta wata ɓula ko ta gefen robar ƙofa. Ka taɓa daɓen katakonta. Idan an wanke ta kwanan nan, ka ƙi karɓarta. Ka rataye abin tsotse danshi gwargwadon lissafin mai sayar da shi bisa tsawon tafiya. A nan ina da gargaɗi da nake maimaitawa kullum: jakunkunan kalsiyam kulorayid suna tsotsar ruwa fiye da nauyinsu, amma abin da suka tsotsa yana taruwa a cikinsu kamar ruwan gishiri ko kunu mai kauri, kuma idan jaka ta huje a saman sinadarin da ke tashi da ruwa, ka jawo abin da kake gudu. Ga irin waɗannan kaya na fi son silika jel ko yumɓu, waɗanda ke zama a bushe ko sun cika. Kuma kada ka toshe ƙofofin iskar kwantena idan kayan na iya fitar da iska mai kama wuta, sai ka tabbatar da abin da ka'idar jigilarsu ta tanada.

4. Lodi

Ka yi lodi a ƙarƙashin rufi, ba a cikin ruwa ko hazo ko zubar dusar ƙanƙara ba, kuma ka goge saman kowace ganga kafin ta shiga. Kada kaya su jingina da bangon ƙarfe, domin nan ne raɓa ke fara kwanciya. Ka bar tazara a gefe da sama. Ka ɗaure ganguna tamau, ka tuna cewa mazubin roba yana yin gautsi a tsananin sanyi, faɗuwar da zai jure a ɗumi tana iya tsaga shi. Kada ka haɗa masu gudun ruwa da kayan da ruwa ne a cikinsu a mota ɗaya, domin masu ruwan suna iya daskarewa su fasa mazubinsu. Na'urar rubuta zafi ka sa ta a tsakiyar kaya, wata kuma kusa da ƙofa idan kana da biyu.

5. Takardu, alamomi da hanya

Sinadaran da ke fitar da iska mai kama wuta idan sun jiƙe suna rukuni na 4.3 a tsarin jigilar kaya masu haɗari, alamarsu shuɗiya ce mai hoton harshen wuta da lamba 4 a ƙasa. Kowanne yana da lambarsa ta Majalisar Ɗinkin Duniya: kalsiyam kabayid UN 1402, sodiyam UN 1428, alminiyam fosfayid UN 1397. Ka'idar IMDG ce ke aiki a teku, ta IATA a jirgin sama, ta ADR kuma a hanyoyin motar Turai da ƙasashen da suka rattaba mata hannu. Rashin shuɗiyar alama ba ya nufin ruwa ba ya cutar da kaya. TDI yana rukuni na 6.1 ne na masu guba, da lamba UN 2078.

Idan ma'aunin daskarewar sinadarin yana sama da digirin da sanyin hanyar da za a bi zai sauka, ka nemi mota ko kwantena mai daidaita zafi, ka rubuta digirin da ake so a takardar lodi. Bargon rufe kaya yana jinkirta sanyi ne kawai na kwana ɗaya ko biyu, ba ya samar da ɗumi. Inda ba a samu mota mai ɗumi ba, ka zaɓi hanya marar sauyin mota, ka fitar da kaya a farkon mako don kada su kwana a fili ranakun hutu, ka kuma sanar da mai karɓa cewa za su iya isowa a daskare. Direba ya san abin da ya ɗauko, kuma ya san cewa ba a zuba wa wannan kaya ruwa ko da hayaƙi ya gani.

6. Karɓar kaya: kada ka buɗe ganga mai sanyi

Ka buɗe ƙofar kwantena kana tsaye a gefe, ka bar ta ta sha iska, kuma idan kayan rukuni na 4.3 ne ka auna iskar ciki kafin kowa ya shiga. Ka share ƙanƙara da ruwan da ke kan ganguna tun a bakin ƙofa, ka duba kumburi ko lotsewa, ka karanta na'urar rubuta zafi.

Daga nan sai haƙuri. Iskar ɗaki mai digiri 20 da danshi kashi 50 tana fara zubar da raɓa a kan duk abin da sanyinsa ya kai kusan digiri 9 ko ƙasa. Gangar da ta shigo da digiri 2 za ta yi gumi a waje nan take, kuma idan ka cire murfinta, wannan gumin zai kwanta a bangon ciki da kan sinadarin kansa. A farkon aikina na taɓa buɗe gangar aisosayanet da safiyar da ta iso saboda ana jiran kayan a wurin aiki. Minti goma kacal ta yi a buɗe. Bayan kwanaki na tarar da wata fata mai tauri ta rufe saman ruwan, da gutsattsari fari-fari da suka toshe matatar famfo, murfin gangar kuma ya ɗan tasa sama. Muka yi asarar gangar gaba ɗaya, kuma laifin nawa ne.

Ka ajiye kayan a rufe a ɗaki mai ɗumi har zafin jikinsu ya yi daidai da na ɗakin. Ƙaramin galan yana iya kaiwa cikin yini. Gangar lita 200 tana bukatar kwana ɗaya zuwa biyu, tankin lita 1000 ya fi haka. Kada ka auna saman ganga inda iska take, domin nan ne ke saurin ɗumama. Ka haska ma'aunin a ƙasa, inda sinadarin yake. Idan babu ma'auni, ka goge wani wuri a ƙasan gangar da busasshen ƙyalle, ka dawo bayan rabin sa'a. Muddin gumi ya sake fitowa, lokaci bai yi ba. Buhuna da ke cikin leda ma haka ne, kada a yanke ledar sai sun ɗumama.

7. Sito

Daidaiton zafi ya fi yawansa muhimmanci. Siton da ke ɗumi da rana ya huce da dare yana sa ganguna numfashi kullum, don haka kada a kashe na'urar ɗumama ɗaki da dare ko a ƙarshen mako. Kaya su zauna a kan falet, nesa da bangon waje da ƙofar da ake yawan buɗewa. Kada bututun ruwa ya bi ta samansu, domin bututun da ya daskare yana fashewa, kuma ɗakin masu tashi da ruwa ba a sa masa na'urar fesa ruwa ta kashe gobara. Kada ka ɗumama sito da murhun gas ko na kananzir marar bututun hayaƙi: ban da haɗarin harshen wuta, ƙona kilo ɗaya na gas ɗin furofen yana sakin fiye da kilo ɗaya da rabi na tururin ruwa a cikin ɗakin. Idan dole ta sa ganguna su ɗan zauna a waje, ka rufe su da tamfol wanda bai manne da su ba, ka sa ƙaramin katako a ƙarƙashin gefe ɗaya yadda ruwa ba zai taru a kan murfi ba. Ka riƙa fitar da wanda ya fara shigowa, ka rubuta zafi da danshi safe da yamma.

8. Narkar da abin da ya daskare

Ɗaki mai ɗumi ko ɗamarar lantarki ta ɗumama ganga mai ma'auni su ne hanya, kuma kada ka wuce digirin da mai sinadarin ya ƙayyade. Ba a amfani da wuta, ba a fesa tururi ko ruwan zafi a kan murfi. Ka jira har komai ya narke, sannan ka mirgina gangar a rufe don ya gauraya, domin idan sinadari haɗin abubuwa biyu ne, ɗaya yana riga ɗaya daskarewa, kuma ruwan da ke sama ba shi da haɗin da aka rubuta a jikin gangar. Tsantsar MDI, wanda ke narkewa a kusan digiri 40, yana da tasa ka'idar dabam, kuma yana lalacewa idan aka daɗe ana narkar da shi. Wannan kada ka yi masa dabarar kanka, ka bi umarnin mai shi kalma da kalma.

9. Ɗiba da sake rufewa

Ka goge saman ganga ya bushe ƙayau, ka sassauta ƙaramin murfi a hankali fuskarka tana gefe, ka saurari ko iska na fita. Famfo da tiyo su kasance busassu, waɗanda ba a wanke da ruwa ba. Duk litar da ka ɗiba, litar iska ce ke maye gurbinta, saboda haka ka ɗaura bututun silika jel a ƙaramin bakin, ko ka shigar da naitirojin da matsi kaɗan ƙwarai. Ganga ba tukunyar gas ba ce, kada ka taɓa hura mata iska don ta turo abin da ke ciki, kuma iskar kwamfiresa cike take da ruwa. Naitirojin ba ta da wari ko launi, tana kore iskar numfashi a ƙuntataccen wuri har mutum ya faɗi ba tare da ya ji alama ba, don haka a yi aikin inda iska ke wucewa. Silika jel mai shuɗi yana komawa ruwan hoda idan ya cika, mai ruwan lemo kuma yana komawa kore ko fari. Da ya sauya, a sauya shi. Idan ba ka da ko ɗaya daga cikin waɗannan, ka sayi sinadarin a ƙananan mazubai da za ka ƙarar a buɗewa ɗaya. Gangar kabayid kuwa ana buɗe ta ne da kayan aiki marasa tartsatsi, kuma a nisanta ta da jan ƙarfe, domin asitilin yana haɗuwa da shi ya samar da abu mai fashewa.

10. Idan ruwa ya riga ya shiga

Alamominsa su ne kumburin ganga, ɗumi a jikinta, gurɓacewar ruwan da ya saba zama garau, ko dunƙulewar gari. Kada ka gwada da hanci. Idan shakka ce kawai a kan inganci, ka aika samfur ɗakin gwaji a auna ruwan da ke ciki ta hanyar Karl Fischer. Gangar da ta kumbura kuwa kada ka mirgina ta, kada ka buɗe ta. Ka janye mutane, ka kashe duk abin da zai iya tayar da wuta, ka kira kamfanin da ya yi sinadarin ko ƙwararrun agajin gaggawa.

Abin da ya zube a rufe shi da busasshen yashi, ba garin katako ba, wanda ke riƙe danshi kuma yana ci da wuta. Idan gobara ce ta sodiyam ko makamancinsa, ruwa da kumfa da kabon dayoksaid duk suna ƙara ta'azzara ta; busasshen yashi ko hodar kashe gobara ta rukunin D, wato ta gobarar ƙarfe, ake amfani da su. Sharar aisosayanet da aka kwashe a zuba ta a mazubi kada a cika shi, a ɗora murfi ba tare da an ɗaure ba, a ajiye inda iska ke kaɗawa kuma ruwan sama ba ya kaiwa na aƙalla sa'o'i 48 har iskar ta gama fita, sannan a rufe a rubuta abin da ke ciki da ranar da aka kwashe shi kafin a miƙa wa masu lasisin zubar da sharar sinadarai.